Shin tayil ɗin siminti mai zane yana da sauƙin illa ga muhalli, ko kuwa daɗin bakin masu sayarwa ne?

Ummu Sultan ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Muna dab da kammala ginin gidan da za mu zauna a ciki, abin da ya rage shi ne daɓe da fenti, kuma tun daga tushe ni da maigidana mun ƙudurta cewa duk inda aka samu zaɓi biyu za mu ɗauki wanda zai daɗe, wanda kuma bai cika cutar da muhalli ba, ko da ya ɗan fi wahalar samu. A kan daɓen falo da baranda da kicin, an ba mu shawarar tayil ɗin siminti mai zane, irin wanda ake zuba launukansa da hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda idan aka jera guda huɗu sai fure ko tauraro ya bayyana a tsakiyarsu. Ba zan ɓoye muku ba, kyansa ya kwanta mini a rai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hujjar da mai sayarwa ya kafa. Ya ce ba a gasa wannan tayil a wuta kamar yadda ake gasa na tangaran, don haka ba ya cin makamashi kuma ba ya fitar da hayaƙi. To amma na sha karantawa cewa masana'antun siminti suna sahun gaba cikin masu fitar da iskar da ke ɗumama duniya, sai na kasa gane yadda abin da aka yi da siminti zai kuɓuta daga laifin siminti. Ban da wannan, wata ƙawata ta ce mini yana shan tabo kuma kula da shi jan aiki ne. Ina roƙon masu sani a cikinku, musamman waɗanda suka taɓa aiki da shi, su fayyace mini gaskiyar lamarin kafin mu saya.

Mai Zanen Gine-gine ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a kammala lafiya, ya kuma sanya albarka a cikin gidan. Maganar mai sayarwa cewa ba a gasa tayil ɗin gaskiya ce, kuma idan kika san yadda ake yin sa za ki gane inda ƙarfinsa yake da inda rauninsa yake.

Ana fara shi ne a kife, fuskarsa a ƙasa. Akwai mazubi na ƙarfe mai santsin gindi, a cikinsa ake saka wani ragar tagulla da aka lanƙwasa daidai da zanen da ake so, wanda ya raba fuskar tayil ɗin gida-gida. Ma'aikaci yana zuba kwaɓin farin siminti da garin dutsen mabul da launi a kowane gida, ja a nan, shuɗi a can, sannan ya zare ragar a hankali kafin launukan su gauraya. Daga nan sai ya barbaɗa busasshen siminti da yashi mai laushi domin su tsotse ruwan da ya yi yawa, ya cika sauran da kwaɓin siminti na yau da kullum da yashi, wanda shi ne gadon bayan tayil ɗin. Injin matsa mai aiki da ƙarfin ruwa ne ke danne waɗannan hawa uku su zama abu ɗaya. Bayan haka a jiƙa shi a ruwa, a jera shi a inuwa ya yi kusan kwana 28, wato lokacin da siminti ke ɗauka kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Babu tanderu a ko'ina cikin wannan aiki, alhali tayil ɗin yumɓu sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, na tangaran kuwa yakan kai wajen digiri 1,200.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai zane shi ne kaurin launin. A mafi yawan tayil ɗin tangaran na zamani, zanen bugawa aka yi a fuska, aka rufe shi da ƙyalli siriri, idan ƙyallin ya goge ko ya ɓantare sai jikin yumɓun ya fito, kuma ba shi da gyara. A tayil ɗin siminti launin ya nutse milimita 3 zuwa 4 a cikin jikinsa, saboda haka tafin ƙafa yana cin sa a hankali amma zanen yana nan, kuma idan ya tsufa ana iya goge fuskarsa da inji mai laushi, a sake shafa masa ruwan kariya mai hana shi shan tabo, ya dawo hayyacinsa. Launukan ma'adinai ne: tsatsar ƙarfe ke ba da ja da rawaya da ruwan ƙasa da baƙi, sinadarin kuromiyam ke ba da kore, kobalt kuma shuɗi.

Shaidar daɗewarsa ba a takardar talla take ba, tana ƙarƙashin ƙafafun mutane. Sana'ar ta taso a tsakiyar ƙarni na 19 a kudancin Faransa da yankin Kataloniya na Sifaniya, bayan da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland, wato irin simintin gini na yau da kullum, a Ingila a 1824, kuma an baje wannan tayil a babban baje kolin duniya na birnin Faris a 1867. A Basalona ya samu karɓuwa ƙwarai, har fitaccen mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya zana nasa mai kusurwa shida a 1904, kamfanin Escofet ya ƙera shi, aka shimfiɗa shi a gidan Casa Milà. Daga Turai ya bazu zuwa Kyuba da Barazil da Maroko da Biyetnam da Indiya, inda har yau masu sana'ar garin Athangudi na jihar Tamil Nadu ke zuba nasu da hannu a kan gilashi. A waɗannan wurare akwai gidaje masu yawa da daɓensu ya haura shekara ɗari yana aiki. Kasuwarsa ta faɗi ne daga shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da tarazo da tayil ɗin masana'anta da ledar daɓe suka zo da araha da saurin shimfiɗawa, ba don an same shi da gazawa ba.

Akwai kuma amfani guda da ba a cika ambata ba: nauyinsa yana sa ya ɗauki zafi a hankali ya sake shi a hankali, don haka ɗakin da rana ba ta dukan daɓensa kai tsaye yakan riƙe sanyin dare zuwa wani lokaci na yini.

Injiniyan Muhalli ya amsa:

Gaisuwa gare ki, Hajiya, da kuma Malam mai zane. Ban musanta ko ɗaya daga abin da ya faɗa ba, sai dai tambayarki ta farko tana nan ba a amsa ta ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Ba a gasa tayil ɗin ba, amma an gasa simintin da aka yi shi da shi, wutar ta ci ne a wata masana'anta kafin kayan su iso hannun mai zuba launi. Mai sayarwa ya fara lissafinsa daga ƙofar wurin aikinsa, muhalli kuwa yana fara nasa daga inda aka fasa dutse.

Ana yin siminti ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, wanda ya zarce na gasa tangaran. Matsalar kuma ba ta tsaya ga man da ake ƙonawa ba. Shi kansa dutsen, idan wuta ta narka haɗinsa, yana sakin iskar kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya, wadda ke ɗaure a jikinsa, kimanin kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa, kuma fiye da rabin iskar da masana'antar siminti ke fitarwa daga nan take zuwa, ta yadda ko da hasken rana aka kunna tanderun wannan kason ba zai gushe ba. Shi ya sa ake ƙiyasta cewa siminti kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Farin simintin da ake yin fuskar tayil ɗin da shi ma ya fi na yau da kullum cin wuta, domin ana zaɓar masa kayan da ba su da ƙarfe sosai don kada ya yi duhu, kuma rashin ƙarfen yana sa ƙonuwar ta buƙaci ƙarin zafi. Gaskiya ne cewa siminti yana sake tsotsar wani ɓangare na iskar a tsawon shekaru, amma ɓangare ne kawai.

Domin in yi adalci, siminti ba shi ne dukan tayil ɗin ba, yashi da garin dutse sun fi yawa a jikinsa, alhali tayil ɗin tangaran dukan jikinsa ne ke shiga wuta. To amma a ɗaya gefen akwai kauri. Tayil ɗin siminti mai faɗin santimita 20 da tsawon 20 yakan yi kaurin milimita 16 zuwa 18, guda 25 ke rufe murabba'in mita ɗaya, nauyinsu kuma yana kaiwa kilo 35 zuwa 40, wato kusan ninki biyu na tayil ɗin tangaran na ɗaki. Idan daga wata nahiya aka ɗauko shi, ya hau jirgin ruwa, ya sauka ya hau babbar mota, kowane kilo yana da hayaƙinsa. Saboda haka wanne ya fi wanne a ranar saye magana ce da ta dogara ga yawan simintin da aka zuba, da irin wutar da masana'antar tangaran ke amfani da ita, da nisan tafiya, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci ba tare da ya san waɗannan ukun ba ra'ayinsa ya faɗa.

Inda na yarda cewa tayil ɗin siminti yana iya cin nasara shi ne a tsawon rai. Iskar da aka fitar wajen yin daɓe ana raba ta ne a kan shekarun da ya yi yana aiki, don haka daɓen da ya kai shekara 80 ya fi wanda aka fasa aka sake sau uku a cikin wannan lokaci, ko da na farkon ya fi nauyin laifi a ranar da aka shimfiɗa shi. Sai dai wannan nasara sharaɗi ce, ba kyauta ba: sai an shimfiɗa shi daidai, an kula da shi, kuma ba a gaji da shi an tone shi ba.

Shawarata ita ce ki tambayi mai ƙera shi, ba mai sayarwa kaɗai ba. A ina aka yi shi? Wane irin siminti ne a gadon bayansa? Akwai simintin da ake rage masa ƙonannen dutse a maye gurbinsa da tokar masana'antar wuta ko dattin narka ƙarfe, akwai kuma sabon nau'in da ake kira LC3, wanda masu bincike a Suwizalan da Kyuba da Indiya suka haɓaka, da ke haɗa gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa kuma yana iya rage iskar kabon har zuwa kashi 40 cikin ɗari. Ki tambaya ko suna sake amfani da ruwan da suke jiƙa tayil a ciki, ko suna niƙa waɗanda suka fashe su mayar da su cikin kwaɓi, da kuma ko ma'aikatansu suna da kariya daga ƙurar siminti da yashi, domin wannan ƙurar tana lalata huhu, kuma ni ban ga yadda za a kira abu mai kare muhalli ba idan yana cinye lafiyar wanda ya yi shi.

Tsohon Mai Sa Tayil ya amsa:

Ranki ya daɗe, ni ba zan shiga lissafin iska ba, na bar wa Injiniya. Abin da zan yi magana a kai shi ne sharaɗin da ya ambata, domin mafi yawan daɓen simintin da na ga ya lalace ba shekaru ne suka lalata shi ba, a makon shimfiɗa shi aka kashe shi, a hannun ma'aikacin da ya ɗauke shi kamar tangaran.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Tangaran na gaske ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, shi kuwa wannan jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi, duk abin da ya zuba a kansa kafin a toshe su zai shige ciki ya zauna. Saboda haka tun daga farko ƙasan da za a ɗora shi dole ya bushe sarai kuma ya daidaita, in ba haka ba danshi zai biyo ta jikinsa ya fito da farin gari mai kama da gishiri a fuska. A buɗe kwalaye da yawa a riƙa ɗauka daga nan da can, domin aikin hannu ne, launin wani zubi yakan ɗan bambanta da na wani, kuma idan aka gauraya su bambancin ya zama ado maimakon aibi. A shafa simintin ɗauri a ƙasa da kuma bayan tayil ɗin gaba ɗaya don kada a bar rami, a danna shi da tafin hannu, kada a buga masa guduma ko da ta roba ce, saboda tsagewar da guduma ke yi ba ta bayyana sai bayan watanni. Yanka shi kuma da injin da ke zuba ruwa ake yi, don gefen ya fita sumul kuma ƙura ta kwanta.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen cike tsakani. Dole ne a wanke tayil ɗin, a bar shi ya bushe, a shafa masa ruwan kariya irin wanda ke nutsewa cikin jiki, kafin a cike tsakanin, sannan a sake shafawa bayan an gama. Tazarar ta zama siririya, kamar milimita 2, abin cikewar kuma ya zama mai haske ko ruwan toka, domin baƙi ko mai launi yana rina fuskar tayil ɗin rinin da ba ya fita. Ki sayi ƙarin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan abin da aka auna, ki ajiye ragowar, saboda ranar da guda ɗaya ya fashe ba lallai ne ki samu launin da ya yi daidai da naki ba.

A wajen shara da goge-goge, babban maƙiyinsa shi ne duk abu mai tsami. Ruwan lemun tsami, da ruwan khal, da magungunan wanke banɗaki masu asid suna cin siminti, su bar tabo fari mai kaushi. Ruwa da sabulu marar kaifi sun wadatar, sai kuma sabunta kariyar duk bayan shekara ɗaya ko 'yan shekaru, gwargwadon yawan zirga-zirga. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗiga ruwa, idan ya tsaya ya dunƙule kariyar tana nan, idan wurin ya yi duhu nan take to lokaci ya yi.

Ummu Sultan ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Yanzu na gane cewa tambayar da ya kamata in yi wa mai sayarwa ta fi wadda na yi masa yawa. Abu ɗaya ya rage mini. Idan haka yake da tabo da tsami, shin hikima ce a sa shi a kicin, inda mai ke fantsama kullum? Baranda kuma tana samun rana da feshin ruwan sama ta gefe ɗaya. Ko in taƙaita shi a falo kawai?

Mai Zanen Gine-gine ya sake amsawa:

Hajiya, a kicin ana sa shi, kuma tsofaffin gidajen da na ambata da yawansu har kicin ɗinsu da shi aka daɓe, sai dai masu su sun yarda da cewa daɓen zai tsufa tare da gidan, ya ɗan dushe a gaban murhu da bakin ƙofa, ya yi wani irin sheƙi mai laushi a inda ƙafa ta fi bi. Wanda yake ganin wannan a matsayin kyau zai ji daɗinsa, wanda kuwa yake son daɓensa ya kasance kamar ranar da aka shimfiɗa shi zai rayu cikin ɓacin rai, kuma gara ya sa tangaran a kicin tun farko. Idan kin zaɓe shi, ki ɗauki zane mai cike da launuka masu ɗan duhu, domin ya fi ɓoye ƙananan tabo a kan fari ko mai launi ɗaya, kuma a riƙa goge mai da zarar ya zuba. Bangon bayan murhu da cikin wurin wanka kuwa ni ba na ba da shawararsa a can.

Baranda mai rufi ba ta da matsala idan an karkata daɓen kaɗan yadda ruwa ba zai kwanta ba. Rana mai ƙarfi tana dusar da wasu launuka, musamman shuɗi da kore, alhali ja da rawaya da ruwan ƙasa na tsatsar ƙarfe sun fi juriya, don haka a gefen da rana ke duka ki karkata zuwa gare su. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba a so a sa shi a fili, saboda ruwan da ya shiga jikinsa yana kumbura ya fasa shi.

Zan ƙara abu ɗaya a kan maganar Injiniya game da tone daɓe, domin a aikina na ga an fasa daɓe lafiyayye saboda an gaji da kallonsa fiye da yadda na ga an fasa shi saboda ya lalace. Zane mai hayaniya da ake yayi a bana shi ne ya fi fuskantar wannan haɗari. Dabarar da magina na dauri suka bi ita ce su shimfiɗa mai zanen a tsakiyar ɗaki kamar darduma, su kewaye shi da layin iyaka, sannan su cike gefe da tayil mai launi ɗaya, wanda hakan yana hutar da ido, yana rage ɓarnar yanka a jikin bango, kuma kujeru ba sa rufe zanen da aka wahala a kansa. Kafin ki yanke shawara, ki karɓi guda takwas ko goma sha biyu na zanen da kike so, ki jera su a ƙasan falon, ki riƙa duba su da safe da rana da kuma a hasken fitila. Ki kuma sa a shafa wa guda ɗaya kariya, ki zuba masa mai da shayi ki bar su su kwana, domin ki ga da idonki abin da kicin ɗinki zai yi masa.